Gahawar Mambila Tana Jiran Fatake

A cikin watan jiya wata hidima ta kai ni Ikko, na sauka wurin ɗan ƙanwata da ke aikin kwamfuta a unguwar Yaba. Da gari ya waye na tambaye shi inda mai shayin unguwar yake, sai ya yi dariya ya ce, "Kawu, yau dai ka bar mini zaɓi, in kai ka inda muke karyawa." Raina bai so ba, amma baƙo ba ya gardama da mai masauki. Muka bi wani lungu bayan babban titi, muka shiga wani ɗan shago da bai fi zauren gidan mai rufin asiri girma ba. Tebura biyar ne a ciki, da kanta, da wata na'ura mai huci kamar tsohon kan jirgin ƙasa. Gahawa ake sayarwa, da ɗan burodi da kek. Shagon ba reshen wani babban kamfani ba ne, na wata mata ce Bayarabiya, ita ce tsaye a bayan kanta, da yara biyu masu taya ta aiki.

Da na duba farashin kofi ɗaya a jikin allo sai da na gyara zaman hulata, domin kuɗin sun isa in sha shayi haɗin kauri da burodi da ƙwai a teburin mai shayi, har in biya wa mutum biyu. Na zauna ina kallon samari da 'yan mata kowa ya tasa kwamfutarsa a gaba, ana kurɓa kamar magani, na ce a raina wannan ai wasan 'yan boko ne, ba ciniki ba. Ina cikin wannan tunani idona ya faɗa kan wani buhun algarara a kusurwa, an rubuta masa Mambila da tawada. Na tashi na ɗebi 'ya'yan a tafin hannu, kore-kore ne, ba a soya ba tukuna. Na tambayi mai shagon ko da gaske daga Jihar Taraba suka zo.

Ta ce, "Alhaji, daga can ne, kuma masu saye sun fi son su idan aka dace da masu kyau. Dacewar ce wuya." Ta bayyana mini cewa buhu ɗaya zai zo tsaf, na bayansa ya zo da tsakuwa da ɗanyun 'ya'ya da warin rima, kuma babu wanda za ta kira ta mayar masa. Wani lokaci ta aika da kuɗi, kaya su yi wata biyu a hanya. Saboda haka dole yawancin abin da take soyawa daga Habasha da Ruwanda yake zuwa, ta hannun masu shigo da kaya waɗanda ke yi mata lissafi da dala. Ta ce in da za ta sami mutum ɗaya mai alkawari wanda zai riƙa kawo mata ta Mambila iri ɗaya kowane wata, da ta ba shi farashin da take ba waɗancan ba tare da ciniki ba.

Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ga manomi a kan tsauni yana neman mai saye, ga mai shago a bakin teku tana neman mai kawowa, kuma abin da babu a tsakaninsu shi ne falke. Ra'ayina shi ne 'yan kasuwarmu, waɗanda suka gaji fataucin nesa tun kaka da kakanni, su ne suka fi kowa dacewa da cike wannan gurbi, kuma raina irin waɗannan ƙananan shaguna da muke yi, kamar yadda ni ma na yi da farko, yana sa mu asarar wata kasuwa da ke tasowa a gaban idonmu.

Da farko dai gahawa ba baƙuwarmu ba ce. Sunan ma daga Larabci muka samo shi. Asalin itacen daga tsaunukan Habasha yake, kuma tun cikin ƙarni na 15 Sufaye a ƙasar Yaman suke shan ta domin su jure tsayuwar dare, daga tashar jiragen ruwa ta Mokha kuma ta bazu cikin duniya. Duk alhajin da ya zauna a Makka ko Madina an miƙa masa ita a finjali da dabino, mutanen Maiduguri da 'yan'uwanmu mazauna Sudan kuwa ba sai an gaya musu ba. Turawa a baya suka same ta, amma da suka samu sai suka mai da shagonta wurin ƙulla ciniki. Shahararriyar kasuwar inshorar nan ta Lloyd's da ke London daga shagon gahawar wani mutum mai suna Edward Lloyd ta samo asali, wajen ƙarshen ƙarni na 17, inda masu jiragen ruwa da attajirai ke taruwa suna jin labarin kayansu. Mu a nan teburin mai shayi ne ya ɗauki wannan aiki, a kansa dillalai ke jin farashin masara da na shanu kafin rediyo ya faɗa. Abin da na gani a Yaba majalisa ce irin wannan, ta wasu mutane dabam masu wata sana'a dabam, waɗanda kuma aljihunsu ya fi na masu zaman benci nauyi.

Gahawar da yawancin mutanenmu suka sani ita ce ta gwangwani da ta ƙaramar leda, wadda mai shayi ke zuba wa direban babbar mota don kada barci ya ɗauke shi. Daga waje ake shigo da ita a sarrafe. Da yawa cikin masu shan ta ba su san ƙasar nan tana noma gahawa ba. Akwai iri biyu da ake ciniki a duniya. Robusta tana jure zafi, ana samun ta a jihohin kudu da na tsakiya irin su Kogi da Ondo da Kuros Riba. Arabika kuwa, wadda ta fi ƙamshi da tsada, sai wuri mai tsawo da sanyi, kuma a Nijeriya babu inda ya kai tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna, inda tsayin ƙasa ya kai wajen mita 1,500 zuwa sama. Nan ne ake noman ganyen shayi a Kakara, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda aikinta ya haɗa da koko da goro da gahawa da yazawa da ganyen shayi, tana da reshe a can.

To me ya sa gonakin suka koma baya? A tsarin da aka yi a 1977, Hukumar Sayen Koko ta Nijeriya ita ke da alhakin sayen gahawa da ganyen shayi. A 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP a zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona baki ɗaya. Ba na cikin masu kukan rashinsu, domin sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da abin da kayansa suka cancanta. Amma akwai aiki biyu da suka tafi da su: tabbacin mai saye, da tantance daraja. Koko ya tsira domin yana da yawa, 'yan kasuwa suka yi masa caa. Gahawa ba ta da yawan da zai ja hankalin manyan kamfanoni su hau tsauni. Sa'an nan a watan Yuli na 1989 tsarin kaso na yarjejeniyar gahawa ta duniya ya ruguje, farashi ya faɗi warwas, ya kuma daɗe a ƙasa. Manomin da ya ga haka ba wawa ba ne, ya sare wasu itatuwan ya shuka masara, sauran ya bar su suka tsufa. Wanda ya dage da noman kuwa, mai saye daga Kamaru ya fi kusa da shi bisa ga mai saye daga Ikko, domin iyaka tana nan bayan gari, kuma yankin Kamaru da ke maƙwabtaka da Mambila ƙasar arabika ce mai tsohuwar kasuwa.

Abubuwa biyu sun sauya lissafin nan a 'yan shekarun baya. Na farko darajar Naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 kuwa ta haye Naira 1,500. Na biyu farashin duniya: saboda fari da ya taɓa Brazil da Vietnam, manyan ƙasashen da ke noma ta, a watan Fabrairu na 2025 arabika ta haye dala 4 kowace laba a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba, watau kusan dala 9 ke nan kowane kilo. Mai shagon da ke sayen ta waje an dake ta ta fuska biyu. Ga kuma kuɗin wuta, wanda a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga wa masu layin Band A zuwa Naira 225 kowane ma'auni, ga man janareta, ga kuɗin haya da ake biya na shekara gaba ɗaya. A cikin duk waɗannan, 'ya'yan gahawa ne kaɗai abin da take iya samu da Naira in akwai mai kawowa. Habasha, wadda mutanenta ke shanye kusan rabin abin da suke nomawa, ta sami fiye da dala miliyan dubu 2 daga sauran da ta fitar a shekarar kuɗinta ta 2024 zuwa 2025. Ban ce za mu kamo ta ba. Na kawo ta ne don mai karatu ya ga cewa kasuwar cikin gida da ta waje ba kishiyoyi ba ne.

Yanzu sai in faɗi abin da za a ce mini, domin ni ma na yi wa kaina lissafin a bayan takardar biyan kuɗi kafin in bar shagon. Buhun gahawa na ƙa'idar duniya kilo 60 ne. In an soya yakan rage wajen kashi ɗaya cikin shida, ya koma kilo 50. Kofi ɗaya yana cin wajen giram 18, saboda haka buhu guda zai ba da fiye da kofi 2,500. Shagon da ke sayar da kofi 50 a yini zai yi kusan wata biyu yana shan buhu ɗaya, a shekara ke nan buhu shida ko bakwai. Mutumin da ya saba loda tirelar masara daga Dawanau zai ji wannan ya yi tsaki, kuma yana da gaskiyarsa. Shago ɗaya ba kasuwa ba ne. Har ila yau mutanen ƙasar nan masu shan shayi da koko ne, kuma irin waɗannan shaguna suna buɗewa suna rufewa kamar ƙofar shiga kasuwa, haya da wuta suna cinye su.

Duk da haka ban janye ba. Amfanin ƙaramin shago mai zaman kansa ba a yawan abin da yake saye yake ba. Mai shi ita ce ke soyawa da hannunta, ita ke ɗanɗanawa, ita ke tsaye gaban mai saye idan ya yamutsa fuska. Ta san bambancin buhu da buhu, kuma tana shirye ta biya kuɗin bambancin. Babban kamfani yakan sayi ɗaruruwan tan a gauraye a kan farashi ɗaya, ba ruwansa da sunan ƙauyen da suka fito. Wannan mata kuwa sunan take sayarwa, shi ya sa ta bar buhun a inda ido zai gan shi. Ɗan kasuwar da ya iya gamsar da ita ya ci jarrabawar da masu saye na Turai da Gabas ta Tsakiya za su yi masa gobe, kuma ya ci ta a gida, da Naira, ba tare da ya yi asarar kwantena ba. Sa'an nan ba ita kaɗai ba ce. A Ikko da Abuja da Fatakwal da Ibadan akwai irinta, ga otal-otal, ga manyan kantuna masu sayar da soyayyiyar gahawa a ƙunshi, ga gidajen baƙi 'yan ƙasashen waje. Kowannensu ɗai-ɗai bai isa ya aika mutum Gembu ba. Wanda ya haɗa bukatunsu ya hau sau ɗaya a madadinsu duka, shi ne zai ci ribar.

Wannan kuwa ba sabon aiki ba ne a wurinmu, aikin goro ne aka juya masa fuska. Kakanninmu sun yi watanni a hanyar Gwanja da jakuna don su kawo goro ƙasar Hausa. Alhasan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya kafu kafin ya shiga gyaɗa. Da noman goro ya yaɗu a ƙasar Yarabawa, sai Hausawa suka zauna a Sabo ta Ibadan da Shagamu da Agege, suka kafa tsarin maigida da dillali da yaran gida, ana aika kaya da kuɗi ɗaruruwan mil a kan amana, ba takarda ba lauya. Goro kaya ne mai laulayi. Sai an zauna an tsince mai sankara, an jera shi cikin ganyen fita, an ɗaure huhu, an riƙa buɗewa ana dubawa a hanya. Wanda ya iya kula da goro daga Shagamu zuwa Sakkwato, gahawa ba za ta gagare shi ba, domin ita busasshiya ce, tana iya yin watanni a ajiye in an kiyaye ta daga laima da wari.

Sai dai tana da nata sharuɗɗan, kuma nan ne aikin yake. Jajayen 'ya'ya da suka nuna kaɗai ake tsinka, da hannu, ana komawa kan itace ɗaya sau da yawa a kaka. Ana bukatar wajen kilo 5 zuwa 6 na ɗanyun 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na tsaba, watau buhu guda ya ci fiye da kilo 300 na tsinka. Ana ɓare su a ranar da aka tsinko, a wanke, a shanya a kan gado mai ƙafa maimakon a ƙasa, har danshinsu ya sauko wajen kashi 11 zuwa 12 cikin 100. A Mambila, inda ruwan sama da hazo ba su da wuya, shanyar ita ce rabin yaƙin, kuma warin rimar da mai shagon ta yi kuka da shi daga nan yake fitowa. Injin ɓare na hannu, da gadajen shanya, da rumfar leda, da ƙaramar na'urar auna danshi, duk ba su kai kuɗin tsohuwar mota ba. Manomi ɗaya ba zai saya ba domin bai ga dalili ba, tun da mai kyau da maras kyau farashinsu ɗaya a kasuwar ƙauye. Ranar da falke ya zo da farashi biyu, ya biya mai tsabta fiye da mai tsakuwa a gaban jama'a, ranar ce mata za su fara barin koren 'ya'ya a kan itace. In kuwa ya zo da halin da wasunmu suka saba, a ba da bashi da damina a karɓe amfani a wulaƙance da kaka, a gauraya komai a cika buhu, to zai sami abin da ake samu yanzu, kuma mai shagon Yaba za ta koma wa Habasha.

Abin da ya shafi lodi ma ba ƙarami ba ne. Gahawa tana zuƙe warin duk abin da ta kwana da shi. Buhun da aka ɗora kan bandar kifi ko albasa ko jarkar fetur ya mutu tun kafin ya sauko daga tsauni. Hanyar kuma doguwa ce, daga Gembu a bi ta Nguroje da Maisamari, a gangaro hawan Mayo Selbe mai ban tsoro zuwa Serti da Bali, kafin a kama hanyar kudu. Akwai kuma batun zaman lafiya, domin rikicin ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ya taɓa tsaunin fiye da sau ɗaya, na 2017 bai fita daga zukatan mutane ba. Baƙon da zai zuba jari a can dole ya shiga ta hannun mutanen wurin da ƙungiyoyin manomansu, ya kuma san cewa sabon dashe sai ya yi shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara ba da 'ya'ya. Mai neman ribar wata uku ya nemi wani kayan.

Ga wanda ke hangen fitarwa waje, Tarayyar Turai ta zartar da wata doka a 2023 da ke neman a nuna ainihin gonar da gahawa da koko suka fito, don a tabbatar ba a sare daji ba. An ɗage fara aiki da ita, amma alƙiblar ta bayyana. Ɗan kasuwar da tun yanzu yake rubuta sunan manomi da ƙauyensa a jikin kowane buhu don ya gamsar da ƙaramin shago, ya riga ya yi rabin aikin da dokar ke nema.

Gwamnati ba na roƙonta ta dawo da hukumar saye. Gyaran hanya da samar da ingantaccen dashe ta hannun cibiyar bincike sun ishe ta aiki, in ta yi su.

Kafin mu fita mai shagon ta haɗa mini kofi ɗaya daga wani ɗan ragowar buhu da ta ce shi ne mafi kyau da ta taɓa samu daga Mambila, ta hana ni zuba madara. Na kurɓa don kunya, sai na ji ba ta da ɗacin nan na ta gwangwani, akwai ɗan tsami-tsami a bayanta kamar na 'ya'yan itace. Na sayi ƙunshi ɗaya na rubu'in kilo na kawo wa wani abokina mai fataucin goro, na ba shi labarin duka. Ya jujjuya ƙunshin, ya shinshina, ya tambaye ni wane wata ake tsinka, kuma buhu nawa matar ta ce za ta iya ɗauka a karon farko. Na ce masa biyu. Ya ce biyu ba sa biyan kuɗin mota, in koma in tambayo masa ko ta san wasu masu shago guda tara.